Yanka a Wuyan Mazajen Yunan

Daga Dawuda ɗan Ummaru Maƙeri, a Zangon Damagaram, zuwa ga ƙanensa Manu, maƙerin fari a Matamaye.

Da sunan Allah mai rahama mai jinƙai. Gaisuwa mai yawa da so da yarda da aminci. Ina fatan kana lafiya, kai da Inna da matarka Safiyatu da yara. Mu nan sai godiya, in ban da zafin bazara.

Bayan haka, na samo maka aiki irin wanda ba kullum yake zuwa ƙofar mutum ba. Ka san ni nake sayo wa barikin Nasara hatsi da itace, har na soma tsintar Faransanci. To, Kumandan ɗin da aka turo muku nan Matamaye, mai jan gashin baki, ya zo Damagaram yana cigiyar wanda ya iya zubin tagulla. Yana da wasu 'yan mutum-mutumi guda biyar da ya gada wurin ubansa, kowanne bai wuce taƙi ɗaya ba. Ya ce siffofin sarakunan yaƙi ne na wata tsohuwar ƙasa da ake kira Yunan, sun mutu tun kafin zuwan Annabi Isa. Ba bauta musu yake yi ba, na tambaya. Ado ne kawai, kamar jeren da matanmu ke yi a ɗaki. Yana so a zuba masa irinsu, ya raba wa abokansa ranar babbar sallarsu ta farkon damina.

Na ce da shi daga nan har Kance babu hannu irin na ƙanena. Na sa bakina, Manu, na kuma sa sunan gidanmu. In ya kira ka, ka tafi da riga mai tsabta, ka tuɓe takalmi tun daga nesa, ka rage wannan bakin naka. In aikin ya yi masa, za a daina ɗibarka aikin tilas na hanya. Ka yi tunanin wannan kafin ka ce mini komai.

A gaida Inna da kyau. Haza wasalam.

*

Daga Manu zuwa ga Yaya Dawuda.

Gaisuwa da fatan alheri. Inna tana lafiya, ƙafar ce dai. Wasiƙarka ta iso a hannun fataken kanwa. Na sa riga mai tsabta kamar yadda ka ce, na tuɓe takalmi. Bakin ne ban san inda ake ajiye shi ba, sai na tafi da abina.

Na ga mazajen. Yaya, waɗannan su ne sarakunan yaƙi? Ba wando, ba lifidi, ba doki. Ƙafafu a waje, ɗan zane iya cinya, ga kwalkwali mai zanko irin na zakara. Ɗaya ma ya ture kwalkwalin can ƙeya, ya ƙura ido, kai ka ce hatsi yake tayawa a kasuwa. Da wani sarkin yaƙi zai fito haka a ƙasar nan, matansa ne za su fara riƙe shi. Amma in don aiki ne, wanda ya zuba su gwani ne, ba zan ci haƙƙinsa ba. Har jijiyar damtse ya fitar. Na yi ta juya ɗaya a hannuna sai da Kumandan ya soma gyaran murya.

Sai dai ka manta da abu guda, ko kuwa ka yi kamar ka manta. Baba bai taɓa zuba abu mai rai ba. Likkafa, munduwa, ƙararrawar doki, kan sanda, iyakarsa ke nan. Kai ma ka ji abin da na ji a makaranta: wanda ya yi siffar mai rai, gobe za a ce ya hura mata rai, ba kuwa zai iya ba. Ka ce ado ne. A wurinsa ado ne, ni kuwa a wuyana zai zauna. Wallahi tsoro ya kama ni har tuwo ya ƙi shiga.

Sai na je wurin Malam Bilya. Ya duba littattafansa, ya ce akwai mafita. In aka yanke wuyan siffa, yankan da in mai rai ce ba za ta rayu ba, to ta koma kamar itace ko dutse, babu komai a kan wanda ya yi ta. Haka zan yi. Zan fitar da su da kaki, in lulluɓe da yumɓu, in zuba tagulla, su fito daidai yadda suke. In na fasa na goge, sai in sa magagari in tsaga wuyan kowanne daga kunne zuwa kunne, in bar ɗan abin da zai riƙe kai ta baya. Tsaga mai tsabta zan yi, ba ta ƙazanta ba. Shi ya sami adonsa, ni na tsira da lahirata. Na gaya wa tafintansa, ya gyaɗa kai yana cin goro, ya ce ba komai.

Nasa biyar ɗin na gado ba zan taɓa su ba. Ba ni na yi su ba, wanda ya yi su ya ji da su.

Ka gaida matarka Fadima. Ka aiko mini da kaki mai kyau in ka samu, na nan duk ƙasa ne. Ƙanenka, Manu.

*

Daga Dawuda zuwa ga Manu, cikin gaggawa.

Gaisuwa. Na haɗa ka da Allah, kada ka yanka wuyan komai! Ka ajiye magagarin nan. Kai ba ka san mutanen nan ba, ni nake kwana ina tashi da su. Tun da aka yi tawaye a arewa ba sa barci da ido biyu rufe, ko wuƙar yankan albasa suka gani sai sun tambayi mai ita. Ba su san zancen hura rai ba, ba za su tsaya su sani ba. Soja za su gani an yanka.

In ba za ka iya zuba su lafiya ba, ka ce hannunka ya ƙone, ka mayar masa da kayansa, ni zan san ƙaryar da zan yi a nan. Na ba mai doki wannan takarda don ta riga ka. Allah ya sa ta riga ka. Wasalam.

*

Daga Baiwa, uwar Manu, zuwa ga na Damagaram. Malam Bilya ne ke rubutawa, ni ke faɗa, na kuma ce kada ya gyara mini magana.

Ina gaisuwa, ina gaida matarka. Kai ɗan fari ne, ka san ban taɓa zama na yi doguwar magana da kai ba, kunya ta hana. Yau na ajiye ta gefe.

Takardarka ta zo ta tarar aikin gama ya gama. Ƙanenka ya riga ya kai kayan bariki, kowanne a naɗe cikin ƙyalle, Kumandan kuwa yana yawon ƙauyuka. Bai dawo ba sai ranar sallarsu, bai ko duba ba. Mai dafa masa abinci shi ya ba mu labari. Ya ce bayan an ci an sha, Kumandan ya sa aka kawo kwandon, ya miƙa wa kowane baƙo nasa, yana ta fara'a. Baƙi biyar, mutum-mutumi biyar. A cikinsu akwai Kafitan ɗinku na Damagaram, wanda aka ce an yanka masa soja a yaƙin arewa. Shi ya fara kwance nasa. Mai dafa abinci ya ce ya miƙe har kujera ta faɗi.

Suka ce saƙo ne. Wai ɗana yana gaya musu abin da za a yi musu. Ɗana! Wanda ko kaza Safiyatu ce ke kai wa maƙwabci ya yanka.

Gardi, 'yan sandan bariki, suka zo maƙera, suka ɗaure shi a gaban yaransa, suka zubar da gawayi, suka tattake zuga-zugan ubanku. Ya ce musu a tambayi tafinta. Tafinta ya rantse bai taɓa jin zancen ba, Allah ya isa tsakaninmu da shi. Malam Bilya ya ɗauki littafinsa ya je ya yi bayani, suka bar shi tsaye a rana, tsoho da shi, daga baya suka kore shi. Yanzu Manu yana gidan kaso. Ina kai masa fura, ta taga nake miƙawa. Sun dake shi, ido ɗaya a kumbure, amma da na tambaye shi sai ya ce ƙofar ce gajera.

Kumandan ya nemi wani maƙerin ya cike wuyan. To, ka ji ikon Allah. Maƙeran Matamaye duk ciwon ido ya kama su rana guda. Na Dawce sun tafi biki, ba su dawo ba. Na Yauri an ce ba a san inda suka shiga ba. Ba wanda ya haɗa baki da wani, kowa dai ya san abin da ake so ya ɗauka.

Kada ka ji an ce na ce ɗana ya yi kuskure. Bai yi ba. An tambaye shi aiki, ya yi aiki, ya kuma ji tsoron Allah. Mai kuskure shi ne wanda ya ɗauki sunan ƙanensa ya kai bakin Nasara don a ce ya iya zama da manya. Raina a ɓace yake da kai, gara ka sani. Kai ka ƙulla, kai za ka kwance.

Allah ya yi maka albarka duk da haka. Iyakar maganata ke nan.

*

Daga Dawuda zuwa ga ƙanena Manu, ta hannun Malam Bilya, ya karanta masa ta taga.

Gaisuwa da jaje. Allah ya sa kaffara ne. Maganar Inna ta same ni, ban ce ta yi ƙarya ba.

Na durƙusa gaban Kafitan, na yi masa bayani da ɗan Faransancin da nake da shi. Na ce al'adar malamanmu ce, ba barazana ba. Ya ce in al'ada ce, to al'adar ta yi daidai da abin da ya gani a arewa. Da ƙyar da taimakon wani tsohon likitansu na samo maka wannan: in ka cike wuyan biyar ɗin da hannunka a gaban Kumandan, har ba a ganin tsaga, za a sake ka ran nan. In ka ƙi, akwai ayarin fursuna da za a tura arewa haƙar rijiyoyi da zarar sabon wata ya tsaya, da kai za a tafi. Manu, na ga waɗanda suka tafi bara. Na ga kuma kaɗan ɗin da suka dawo, uwayensu ma sai da suka ƙura ido kafin su gane su.

Ba ina ce maka Malam Bilya ya yi kuskure ba. Amma ka tambaye shi hukuncin wanda aka tilasta. An tilasta ka, kowa shaida ne. Ɗan ciko ne fa, bai kai ƙwayar gero uku ba a kowane wuya. Kana da 'ya'ya ƙanana, kana da tsohuwa mai ciwon ƙafa. Ka sunkuyar da kai sau ɗayan nan, don Allah, don darajar Baba.

Ina jiran amsarka, ban da sukuni. Yayanka, Dawuda.

*

Daga Manu, a gidan kaso na Matamaye, zuwa ga Yaya Dawuda. Malam Bilya ke rubutawa daga waje.

Na amsa gaisuwa. Ina lafiya. Kuɗin cizo ne abokan hira, sun fi tafinta amana, su in za su ci ka a gabanka suke yi.

Na tambayi Malam hukuncin wanda aka tilasta, ga shi nan tsaye, ya ce akwai sauƙi. Na gode masa, na gode maka. Amma ba zan cike ba.

Da farko don tsoron Allah na yanka, yanzu abin ya ƙaru. Ranar da suka kawo ni, Kumandan ya sa aka jera su a gabana, ya ce in faɗi wanda ya aiko ni. Na ce masa ba wanda ya aiko ni sai shi da ya ba ni aiki. Ya sa aka mare ni. Na ce malamina yana waje da littafi, a kira shi. Ya sa aka ƙara. Yaya, mutumin nan ya ɗauko gumakan ubansa tun daga bayan teku, a cikin auduga, don kada su ƙwarzane. Ya san darajar abin da uba ya bari. Ni ma uba ya bar mini abu, ba a sa shi a auduga, a hannu yake. Bai tambaye ni ko sau ɗaya me ya sa na yi ba, ya riga ya yanke cewa baƙin mutum ba ya da dalili sai mugunta.

In na cike wuyan nan a gabansa, me na ce? Na ce gaskiyarsa, saƙon kisa na aika, yanzu na tuba. Ban aika ba, ba zan tuba daga abin da ban yi ba. Kuma gobe zai kawo wa wani maƙerin siffar matarsa ko ta karensa, ya ce ai Manu ma ya yi.

Shi da kansa ya gaya mini ta bakin tafinta, ranar da na fara ganinsu, cewa ɗaya daga cikin mazajen nan ya tare wata ƙofar dutse da 'yan mutane kaɗan, aka ce ya ajiye makami ya ƙi, har aka kashe shi. Yana ba ni labarin idonsa na ƙyalli. Ashe ƙin sunkuyawa abin ado ne in mutum ya mutu tuntuni kuma an zuba shi da tagulla. In yana da rai, maƙeri ne a Matamaye, sai kaso.

Ina jin tsoron arewa, ba zan ɓoye maka ba. Amma in an tafi da ni, ka ɗauki Inna da Safiyatu su koma wurinka. Uwar maƙera kada a sayar, a ajiye wa ɗana Inusa har ya girma.

Kada ka sake durƙusa wa kowa saboda ni. Wasalam. Manu.

*

Daga Manu, a gida, zuwa ga Yaya Dawuda.

Gaisuwa. Na fito, ka riga ka sani. Inna ta yi guɗa, Safiyatu ta yi kuka, maƙeran gari duk idonsu ya warke. Ni kaɗai ne ban yi murna ba.

Wa ya aike ka? Sai da aka buɗe mini ƙofa na ji labari. Wai ka zo Matamaye ba ka ko sauka gida ba, ka wuce bariki, ka ce wa Kumandan kai ma ɗan maƙeri ne, hannunka da nawa ɗaya, a ba ka wuta. Wai ka zauna a farfajiyarsa ka cike su ɗaya bayan ɗaya yana tsaye a kanka, ka hau jaki ka koma. Ka guje ni don ka san abin da zan ce. To, ga shi a takarda. Na kwana cikin kuɗin cizo, na sha mari, don kada wuyan nan ya haɗu, kai ka zo da rana tsaka ka haɗa. Ka ɗauke kayan daga wuyana ka ɗora a naka, ka zaci alheri ka yi mini. Gobe in aka ce ka hura musu rai, ni ina zan sa fuskata? Na yi fushi da kai, Yaya, fushin da ban taɓa yi ba.

Amma akwai abin da ya hana ni barin zancen nan haka. Kafin a sallame ni, Kumandan ya sa aka kawo su, don in ga an yi ba da ni ba. Suna ta walƙiya, wuya sumul. Ya miƙo mini ɗaya yana murmushi. Na karɓa, na shafa wuyan da babban yatsa, sai farcena ya nutse kaɗan. Na mayar masa, na ce aiki ya yi kyau.

Darma ce, Yaya. Ba tagulla ka zuba ba, darma ka cusa, ka bi ta da garin tagulla a sama. Ka kuwa san masu aikin gidajensu ba su da aiki sai goge kaya da toka da tsamiya. Duk gogewa garin zai tafi. Tagulla za ta ƙara haske, darma ta yi baƙi. Kafin kaka yankan zai dawo, ya fi nawa fitowa, don nawa fari ne, naka baƙi zai zama.

Na tambayi Malam Bilya ko wuyan da aka cike da darma yana nan a yanke. Ya daɗe yana shafa gemu, ya ce wannan sai ya duba.

To, ka gaya mini gaskiya. Barin maƙera da ka yi ne ya sa ka manta aiki, ko da gangan ka yi? In mantuwa ce, ka tattara iyalinka ka ƙetare iyaka tun kafin abin ya fito. In da gangan ne, to ban san wanda nake kira Yaya ba duk shekarun nan.

Ina jiran amsa. Ƙanenka, Manu.

*

Daga Dawuda zuwa ga Manu.

Gaisuwa mai yawa. Barka da arziki.

Hannuna ya manta abubuwa da yawa, amma bai manta bambancin darma da tagulla ba.

An raba su. Na Kafitan yana kan teburinsa, nan inda nake tsayawa kowace safiya in gaya masa an kawo hatsi. Mai zankon zakara ne. Jiya na ga wuyan ya soma duhu ta gefen hagu.

Na tura Fadima da yara wurin Inna, suna hanya, ka karɓe su. Ni ina nan. Kumandan da kansa shaida ne cewa hannunka bai taɓa cikon ba, in an tashi tambaya ni za a tambaya. Wannan karon ba ta bakin tafinta za su ji ba, na iya yarensu daidai yadda zan gaya musu dalili.

A gaida Inna. Haza wasalam. Dawuda ɗan Ummaru Maƙeri.